Facin Zubi na Tara

Saƙon ya iske Corinne Desjarlais a kicin ɗin ofis, ko rigar sanyinta ba ta cire ba, tana jiran kofi ya gama tsiyaya. Ta karanta layukan farko a waya, ta bar kofin a nan ta nufi teburinta.

Wata mai bincike ce daga wata ƙasa mai nisa ta rubuto wa akwatin sirri na masu kula da Sarnel. Sarnel manhajar ajiyar bayanai ce, irin wadda ba a sayarwa. Rubutunta a buɗe yake, kowa na iya ɗauka ya karanta ya yi aiki da ita. Matar ta ce ta gano ɓaraka: duk wanda ke da izinin shiga, komai ƙanƙantarsa, idan ya murɗe tambayarsa ta wata hanya, manhajar za ta buɗe masa rumbun gaba ɗaya. Corinne ta gwada a zubi na sha biyu, wato fitowar manhajar ta sha biyu, wanda shi ne sabo. Ya buɗe. Ta jawo zubi na tara, tsohon da ita take riƙo, tana fatan tsufansa ya cece shi. Shi ma ya buɗe, har ya fi sabon sauri.

Mutanen Sarnel suna da al'adarsu a kan irin wannan, kuma al'adar ta girmi kamfanin da ke biyan Corinne albashi. Ba a magana a fili. Ana gyaran ne a wata ma'ajiya ta ɓoye, a sa rana, ranar kuma a saki facin kowane zubi mai rai a lokaci guda. Faci a buɗaɗɗiyar manhaja yatsa ne da ke nuna rami. Mai kutse ba ya buƙatar a gaya masa komai, zai jera tsohon rubutu da sabo ne, ya ga inda aka taɓa, ya san ta inda zai shiga. Duk wanda aka bari ba faci a ranar, an nuna wa duniya ƙofarsa ke nan. Kuma babu facin da ke fita sai biyu daga cikin mutum uku masu riƙe makullin sirri na kwamfuta sun sa masa hannu da shi.

Na farkonsu Stan Wasylyk ne, wanda ya fara rubuta Sarnel, ya yi ritaya tuni, kowa kuma Dido, wato kaka, yake kiransa kamar jikokinsa. Na biyu Brent Halvorsen, shugaban injiniyoyin kamfanin. Ta uku ita ce Corinne. Ba kamfani ne ya ba ta makullin ba, jama'ar Sarnel ne suka zaɓe ta, saboda ta ɗauki zubi na tara lokacin da kowa ke kawar da kai daga gare shi.

Halvorsen ya kira ta ofishinsa da hantsi. Mutum ne mai fara'a, ba ya ɗaga murya, kullum da kwalin waina a kan teburinsa. Ya tura mata kwalin, sannan ya shimfiɗa mata maganarsa a natse. Alkawarin da aka yi na kula da zubi na tara zai ƙare da bazara, saura watanni kaɗan. Duk abokan cinikin kamfani sun koma na sha biyu. Ɓangaren da ɓarakar take an sake rubuta shi tun daga tushe a sabon zubi, don haka facin sabo ba zai zauna a tsoho ba, sai an yi wani aikin daban. Shawararsa a gyara na sha biyu, a sanarwa kuma a ce ba a binciki tsofaffin zubi ba, masu su su hanzarta komawa sabo.

"Na bincika ai," in ji Corinne. "Da hannuna na buɗe shi ɗazu."

"Kin gwada a kwamfutarki. Ba shi ne bincike a hukumance ba."

"Mai kutsen ma a kwamfutarsa zai gwada, Brent."

Ya yi murmushi ya ce ya san tana son zubin nan, kuma hakan abin yabo ne. Ta ce masa ba so ba ne, ita kanta ta gaji da shi, alkawari ne da aka rubuta a shafin farko har yau ba a goge ba. Ta san waɗanda ke kan na tara, don ita ke amsa tambayoyinsu a zauren tattaunawar Sarnel na intanet. Ɗakunan karatu na ƙananan garuruwa ne, da ɗakunan jinya na arewa inda sai jirgi ke kaiwa, da ƙungiyar masunta a bakin tafki, da wani gidan fakewa na mata da ke ajiye adireshin waɗanda suka gudo daga mazajensu. Wurare ne da wani ya zo ya kafa musu kwamfuta shekarun baya ya tafi abinsa. Kusan duk saƙonsu da ban haƙuri yake farawa, cewa su ba masana ba ne. Faci suna iya sawa idan an nuna musu. Ƙaura zuwa sabon zubi kuwa aikin watanni ne da ba su da mai yi musu.

Halvorsen ya saurare ta har ta gama. Ya ce lokacin kamfani na zubi na sha biyu ne. Abin da za ta yi da nata lokacin kuwa, wannan ba ruwansa.

Ta ɗauki waina ɗaya ta fita.

Daga ranar rayuwarta ta rabu biyu. Da safe kafin gari ya waye sosai takan zauna da na tara, ta bar motar tana ɗumama a waje har maƙwabcinta ya fara tsokanarta cewa tana ciyar da unguwa hayaƙi. A ofis ta yi aikin kamfani ba tare da ta bar wa kowa abin faɗa ba. Lokacin cin abinci ta koma wa tsohon, Asabar da Lahadi ma haka. Tobias Friesen, wanda teburinsa ke kusa da nata kuma shi aka ba facin na sha biyu, ya sa mata suna Mai Gadin Maƙabarta. Ita kuma Fasto take ce masa, don mahaifinsa mai wa'azi ne a wani ƙauye kudu da birni, shi ma kuma ba ya iya gyara layi ɗaya sai ya yi huɗuba a kansa.

"Mai Gadi, yaya mamacin yau? Ya motsa?"

"Ya fi ka lafiya, Fasto. Shi aƙalla ba ya surutu."

Amma aikin ya ƙi. Ɓarakar tana cikin wata dabara ce da ke ba mutum damar ajiye doguwar tambaya ya riƙa kiranta da suna, abin da masu haɗa rahoto suke ji da shi. Wanda ya rubuta wannan ɓangaren a zubi na tara ya bar harkar kwamfuta ya koma kiwon tumaki, ba ya amsa imel. Rubutunsa kuwa a sarƙe yake. Idan ta toshe nan, gwaji ya faɗi a can. Idan ta gyara can, ramin ya sake buɗewa ta gefe. Akwai ranar da ta ga duk gwaje-gwajen sun yi kore, alamar sun wuce, ta miƙe tana shirin shelanta wa Tobias, sai ta sake murɗa tambayar ta wata fuska, rumbun ya wangale mata kamar ba ta taɓa komai ba. Ta zauna ta ci abincinta da sanyinsa, ta goge aikin, ta faro daga farko.

Abin da take so shi ne faci mai tsabta, wanda zai rufe ramin bai taɓa wa kowa aikinsa ba. Ba ta yi karatun da ta yi don ta riƙa liƙe-liƙe ba. Tun tana jami'a ta saba da mazan da ke duba aikinta sau biyu suna neman inda za su ce ga shi nan, kuma ta saba da barinsu hannu wofi. Tana so ranar saki ta ajiye wa Halvorsen facin a gabansa, ya karanta daga sama har ƙasa, ya rasa aibi ko ɗaya. Ranar da aka sa tana da ɗan nisa, ta lissafa za ta kai.

Tobias ne ya rushe lissafin, kuma ba da gangan ba. Ya gama rubuta gwajin da zai tabbatar facinsa ya yi aiki, gwajin da ke kwaikwayon kutsen daki-daki. Shekaru yana tura aikinsa ma'ajiyar fili sau da yawa a yini, har yatsunsa sun haddace. Wata safiya yatsun suka yi abin da suka saba. Maimakon ma'ajiyar ɓoye, gwajin ya tafi inda kowa ke gani.

Corinne ta ji kujerarsa ta bugi bango. Da ta waiga, fuskarsa ta yi fari fat. Ya janye abin nan take, amma su biyun sun san aikin banza ne. Akwai kwamfutoci a ko'ina cikin duniya da ke kwafe ma'ajiyar Sarnel da zarar an taɓa ta, ba su tambayar kowa. Kafin azahar wani baƙo ya rubuta a zaure, cikin ladabi, yana tambayar me wannan gwajin da aka goge yake gwadawa.

Ba ta yi wa Tobias faɗa ba. Ta ce ya je ya wanke fuskarsa ya dawo, akwai aiki.

Halvorsen ya fito da kansa ya tsaya a kan teburinta. Ya ce ba sauran jira, facin na sha biyu zai fita yau kafin a tashi, shi ya sa hannu, saura nata. Daga yadda ya tsaya ta gane ya shirya wa rigima, yana zaton za ta riƙe sa hannunta ta yi ciniki da shi. Ta karanta facin Tobias, ta ga daidai yake, ta sa hannu a gabansa. Mutanen da ke kan na sha biyu ba su yi mata laifin komai ba.

"Na gode," ya ce, da ɗan mamaki.

"Na tara ma yau zai fita."

"Da wane facin? Ba ki gama ba."

Gaskiya ya faɗa, kuma ta ji ta har cikin ƙashinta. Ta juya ga allon ta dubi aikin da ta zuba wa safiyoyinta da ranakun hutunta. Ya yi kyau, saura kaɗan, amma kaɗan ɗin ba na yau ba ne. Ta ture shi gefe. Ta buɗe sabon shafi ta rubuta wani abu gajere da ko ɗalibin shekarar farko zai iya: duk wanda ya kira ajiyayyar tambaya a zubi na tara, manhajar ta ƙi. Ta cire dabarar ɗungurungum, ramin ya tafi da ita. Ta gwada kutsen ta kowace fuska da ta sani, rumbun ya ƙi buɗewa. Ba ta taɓa rubuta abin da ya kai shi muni ba.

Halvorsen ya karanta ta bayan kafaɗarta, fara'arsa ta ɗauke. Ya ce wannan zai karya wa mutane rahotanninsu, ƙorafin kuma kan kamfani zai sauka, don duniya ta san inda take aiki. Shi ba zai sa hannu ba. Ya rage murya ya ƙara da cewa idan ta saki wannan bayan ya hana, bai ga yadda za su ci gaba da zama a ofis ɗaya ba.

"Teburin naka ne," ta ce, tana zura hannu a rigar sanyi. "Makullin ba kai ka ba ni ba."

Ta bar wa Tobias sauran gwaje-gwajen ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya riƙa sanar da ita. Ya ce bari ya raka ta. Ta ce yau ya yi wa duniya ture-turen da ya isa, ya zauna wuri ɗaya.

Dido Stan yana arewacin birni, a wani ƙaramin gida bayan layin dogo. Makullinsa yana cikin wata tsohuwar kwamfuta da ba ta taɓa shiga intanet ba, kuma ba ya sa hannu a abin da bai karanta da idonsa ba, ko da gidan na cin wuta. Dole ta je. An share manyan tituna, amma lungunsu ƙanƙara ta toshe shi, ta ajiye motar a bakin hanya ta ƙarasa da ƙafa.

Matarsa Halyna ce ta buɗe, ta kama ta da faɗan rashin hula, ta zaunar da ita a kicin, ta ɗora mata faranti na pirogi, ƙullin fulawa mai dankali a ciki, da soyayyiyar albasa tun kafin ta faɗi abin da ya kawo ta. Dido ya fito da tabarau a goshi. Ya riga ya ga labarin gwajin a zaure. Ya karɓi kwamfutarta ya karanta facin a hankali, leɓunansa na motsi, ya koma sama ya sake.

"'Yata, wannan ba faci ba ne. Yanke ƙafa ne."

"Na sani, Dido."

Ya ce tunda aka fara Sarnel ba a taɓa cire wa mutane abin da suke aiki da shi a tsayayyen zubi ba. Shi ya sa mutane ke yarda su sa facinsu ido rufe, don sun san gobe komai zai tashi yadda suka bar shi. Wannan ma alkawari ne, kuma shi ya kafa shi da kansa. Idan aka karya shi sau ɗaya, wani karon za su ji tsoron faci, su ƙi sawa. Ya ce ta ba shi kwanaki kaɗan, su zauna tare su ƙarasa mai kyan da ta fara, ya san kan rubutun makiyayin nan.

Wannan tayin ya fi barazanar Halvorsen yi mata nauyi, don shi ne abin da zuciyarta take so. Ta ajiye cokali. Ta ce masa gwajin yana waje tun safe, facin na sha biyu zai fita kafin dare, daga nan duk mai neman hanya ya samu taswira biyu. Rahoton da ya karye ana iya haɗa shi ta doguwar hanya. Adireshin da aka kwashe ba ya dawowa. Mai kyan za su yi shi, mako mai zuwa ko na bayansa, amma ba za ta bar mutane a buɗe don ta fito da abin da za a yaba mata ba.

Wayarta ta yi ƙara a kan tebur, sunan Halvorsen ne. Ta kife ta. Sai wayar gidan ta ɗauki ƙara, shi ne dai yake neman Dido. Halyna ta amsa, ta saurara, ta ce maigidan yana cin abinci, ta ajiye.

Dido ya daɗe yana murza tabaransa. Ya tambaye ta sunan wa za a sa a sanarwar, don za a yi zagi, kuma ba kaɗan ba.

"Nawa. A sama, da adireshina."

"Aikinki fa?"

"Wannan an riga an gama maganarsa."

Ya sake duba allon. Ya ce abu ɗaya ba zai yarda da shi ba: manhajar ta ƙi mutum ta yi shiru. Dole ta gaya masa dalili, ta nuna masa abin da zai yi a madadinsa, cikin maganar da ma'aikaciyar ɗakin karatu za ta gane. Suka zauna suka yi gardama a kan jimloli biyu, shi yana cewa ta cika tsauri, ita tana cewa ya cika kewaye-kewaye. Tobias ya aiko cewa sauran gwaje-gwajen sun wuce lafiya. Dido ya tashi da ƙyar yana dafa tebur, ya shiga ɗakin baya, ta ji tsohuwar kwamfutar tana gurnanin tashi.

Daga teburin kicin ɗin ta saki facin, rana na shirin faɗuwa, cikin sa'ar da na sha biyu ya fita. Sanarwar kamfani ba ta ambaci na tara ba. Tata ta biyo baya a zauren, gajeriya: zubi na tara yana da ɓarakar, ga faci, zai kashe muku ajiyayyun tambayoyi, ku sa shi yau, gyara mai kyau yana tafe. Ta sa sunanta. Sannan ta cinye pirogin da ya huce, don Halyna na tsaye a kanta.

Kamfanin bai yi hayaniya ba. An kira ta wani ɗaki mai gilashi, aka gode mata, aka ce hanyoyinsu sun rabu. Tobias ya ɗauko mata kwalin kayanta har mota, yana ta ƙoƙarin cewa wani abu. Ta ce masa ya adana huɗubar, ya duba mata facin mai kyau idan ta turo, kuma wannan karon ya kalli inda yake turawa.

Washegari ta zauna a teburin gidanta ta buɗe akwatin imel. Ya cika. Wani mutum daga ɗakin karatu na wani gari ya rubuto cewa rahotonsu na wata ya ƙi fita, shugabarsa na jira, kuma duk wanda ya rubuta wannan abin bai san aikinsa ba. Wata ta ce shekaru suna zaune lafiya sai yanzu. Wani ya rubuta da manyan baƙaƙe daga farko har ƙarshe. Ta bi su tana duba abu ɗaya a kowanne, saƙon ƙin da suka kwafo mata don su nuna mata ɓarnarta. Jimlolin nan biyu ne nata da na Dido. Ba mai iya ganinsu sai wanda ya riga ya sa facin.

Ta haɗa kofi, ta fara da mutumin ɗakin karatu. Ta nuna masa yadda zai fitar da rahotonsa ta doguwar hanya, ba ta ba shi haƙuri ba, ba ta kuma rama zagin ba. Ta wuce na gaba. Can ƙasa wani ya tambaya a fusace, yana so ya san wane ne ya ba da izinin a yi wa mutane haka ba shawara.

Ta rubuta masa: "Ni ce. Corinne Desjarlais. Ka sa facin a sauran kwamfutocinka ma, sannan ka dawo mu yi faɗan."

Ta aika, ta buɗe na bayansa.